Takardar Koke Zuwa ga Tsaunin Shere

Zuwa ga Mai Girma Tsaunin Shere, gabas da Jos, Jihar Filato.

Hawan dutse a ƙungiyance ranar Asabar al'ada ce da ta samu gindin zama a Jos, kuma kaso mai tsoka na nauyinta a kan Mai Girma Tsauni yake sauka. Dalilin a fili yake. Tsakaninsa da gari bai wuce kimanin kilomita 10 ba, ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,829 daga doron teku, alhali garin Jos kansa yana zaune ne a kan mita 1,200 da 'yan kai. Wato ratar da ke tsakani wajen mita 600 ce, daidai abin da zai gajiyar da ma'aikacin ofis ba tare da ya kai shi asibiti ba. Mai neman fiye da haka sai ya nufi Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai mita 2,419, amma wannan ta fi ƙarfin hutun ƙarshen mako. Babu mai kuka da tsayin Mai Girma, ko santsinsa, ko sanyinsa, domin bai taɓa ɓoye su ba. Kukan da ake yi da abokan tafiya ne. An kawo shi nan saboda duk wanda za a kai wa ƙara a gari yana jin nauyin mutane, dutse kuwa ba a san shi da kunya ba.

Matsalar tana farawa tun kafin a hango Tsaunin. Akan yi alkawari daren Juma'a cewa kowa ya hallara a gidan mai ƙarfe shida na safe. Shida da rabi za a ƙirga, a tarar da saura mutum ɗaya. In aka kira shi sai ya ce, “Ga ni nan a hanya,” da muryar da ke nuna ko bargo bai yaye ba. Bakwai da kwata zai ce ya kusa. Idan ya iso ba ya ba da haƙuri, sai dai ya tambayi dalilin da ya sa ba a ajiye masa kujerar gaba ba. Wannan latti ya wuce a kira shi rashin ladabi kawai, domin lokacin hawa a ƙididdige yake. Tun a 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5 ta tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Lissafin na mutum ne mai ƙoshin lafiya wanda ba ya tsayawa, kuma Naismith bai san za a jira kowa a gidan mai ba. Awar da aka ɓatar da sassafe ita ce mafi daraja a yinin, saboda ita ce mai sanyi. Da damina kuwa hadari yakan haɗu bayan azahar, faƙon dutse ya jiƙe ya yi santsi, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma babu wurin da ya fi saman dutse haɗari idan ana tsawa. Mai latti yakan kwana lafiya, jama'a su biya da zufa ko da jiƙewa.

Batun sutura ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai mai zuwa da silifas, akwai mai zuwa da sabuwar shadda da takalmin zuwa biki, alhali an ce kowa ya sa kambas. Irin waɗannan Mai Girma yakan hukunta su da kansa kafin a yi nisa, kuma ana godiya.

Wanda ya fi su wahalar sha'ani shi ne mai zuwa hannu rabbana. A bakin mota zai ce shi ba ya jin ƙishirwa a tafiya, ya ƙara da cewa kaya nauyi ne kawai. Bayan awa ɗaya da rabi, a inda hawan ya miƙe, sai ya matso kusa da wanda ya ga ya buɗe gora. “Ɗan sam mini in jiƙa maƙoshi.” Yakan ɗaga gorar sama, ya lumshe ido, mai ita yana tsaye yana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka, har sai abin da ya rage bai kai a wanke ido ba, sannan ya miƙo ta ya ce, “Allah ya saka da alheri.” Ya kamata a san cewa litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Wanda ya goyo lita biyu ya hau da kilo biyu a bayansa ne domin maƙoshin wani. Abin ya fi muni da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke shanye zufa kafin a gan ta, mutum ya yi ta asarar ruwa yana zaton lafiya lau yake. Haka dabino da kilishi da ƙuli-ƙuli suke tafiya ta hannu ɗaya. Ba a hana ruwa a kan dutse, kowa ya san wannan, kuma shi ya fi kowa sani.

Daga nan sai mai sauri. Da an sauka daga mota zai yi gaba kamar akuyar da ta tsinke igiya, ba ya waiwaye. Illarsa ba ta fitowa sai an lura da yadda hutu ke rabuwa. Shi zai riga kowa isa inuwa, ya zauna ya huta minti goma sha biyar, ya sha iska. Daidai lokacin da na ƙarshe ya iso yana haki, hannu a gwiwa, bai ko sami wurin zama ba, sai mai sauri ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, “To, mu je.” Ta haka mai ƙarfi ke samun duk hutun, mai rauni kuma ya yi hawan gaba ɗaya ba tare da ya zauna ba, sai tazarar ta riƙa ƙaruwa a kowane zango. Yawancin waɗanda suka rantse ba za su sake hawa dutse ba, wannan mutumin ne ya kore su, amma sunan Mai Girma suke kira.

Sau da yawa mai saurin shi ne kuma jagoran da ba a naɗa ba. Alamarsa jumla ɗaya ce: “Na san wata gajeriyar hanya.” Hujjarsa ita ce ya taɓa yin kwas shekarun baya a makarantar horar da shugabanci da ke nan Shere, wadda tushenta ya faro a 1951 a Man O' War Bay, kusa da garin da ake kira Limbe yanzu a Kamaru. Makarantar ba ta da laifi a nan, don abin da take koyarwa shi ne ɗa'a da kula da na baya, shi kuwa usur kaɗai ya riƙe. Gajeriyar hanyarsa takan ƙare ko dai a bakin rami, ko a tsakiyar gonar acca ta wani manomi ɗan Afizere, inda tilas a tsaya a yi gaisuwa mai tsawo, a ba da haƙuri, a roƙi yaron gidan ya nuna hanyar da aka baro tun farko. Ko a wannan lokacin jagoran zai ce ai an canza wurin ne.

Mai ƙorafi yana can baya, tambayarsa ɗaya: “Saura nawa?” Yakan fara ta tun ana ganin mota. Yana bi da labarin abin da da yanzu yake yi a gida, da sunan wanda ya yaudare shi ya zo. A nan dole a faɗi gaskiya ko da a gaban Mai Girma ne, domin yana da hannu a ciki. Tsauni yana da ɗabi'ar nuna wani tudu kamar shi ne ƙarshe, sai an hau a tarar da wani a bayansa, da wani a bayan wannan. Saboda haka duk wanda ya ce “saura kaɗan” yakan zama maƙaryaci sau uku kafin azahar, mai ƙorafi kuma ya sami hujjar da zai riƙe har a koma gida.

Sauran ba su kai waɗannan ba, sai dai suna da naci. Akwai mai rataye sifika a jaka yana raba wa jama'a waƙar da ba su nema ba, a wurin da aka zo don a huta da hayaniyar gari. Akwai mai siyasa, wanda Allah ya hore wa numfashin da zai yi bayanin zaɓe mai zuwa a kan hawa mafi tsanani, ya kuma jira amsa. Akwai mai hoto, mai tsayar da mutum ashirin don a sake ɗauka saboda ido ya rufe, wanda ba ya ganin kyawun wuri sai ya tsaya a gefen da faɗuwa ba ta da gyara. Sannan akwai mai sakin ledar fiya wata a duk inda ya shanye. Wannan laifinsa ya fi na sauran daɗewa, don leda ba ta ruɓewa da wuri, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan kuma yana taruwa ne a madatsun da ke gindinsu, irin ta Lamingo, inda mutanen Jos ke samun na sha.

Abin tambaya shi ne me ya sa ba a faɗa musu. Amsar tana cikin yadda ake haɗa tafiyar. Mai shanye ruwan abokin aiki ne, ranar Litinin za a haɗu a ofis. Mai lattin ƙanin matar wanda ya shirya tafiyar ne. Mai gajeriyar hanya ya girmi kowa da shekara goma, ba a ce masa ya yi kuskure a gaban yara. Kara takan rufe bakin kowa a kan dutse, sai an dawo gida a buɗe shi a bayan idon mai laifi, inda ba ya gyara komai.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan ciwo, kuma tafiyarsu ta watanni ce. Ba su dogara da halin kirkin kowa ba. Ayari yana da madugu, wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe a kan lokacin tashi da wurin zango, yana kuma da jagaba mai tafiya gaba. Amfanin wannan tsari shi ne yana ɗauke nauyin magana daga kan mutum ya ɗora a kan muƙami: in madugu ya ce a tashi, ba wanda zai ce raini ne. Ƙungiyoyin da suka daɗe ba su watse ba haka suke yi, ko sun san sunan abin ko ba su sani ba. Ana naɗa madugu kafin mota ta tashi. Ba mai wuce jagaba, kuma ana sa mafi rauni a bayansa kai tsaye, domin tafiyar ta bi ƙafarsa. Mutum mai ƙarfi da haƙuri shi ke rufe baya. Hutu ba ya fara ƙirguwa sai na ƙarshe ya zauna. Ana yanke lokacin juyowa tun a ƙasa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Ana duba gorar kowa a bakin mota, inda akwai shago kusa.

Dabarar da ta fi duka ita ce a ba fitinanne aiki. Mai sauri a ɗora masa jakar ruwan jama'a, kilo shida sukan koya wa ƙafa natsuwa. Mai hoto a naɗa shi mai hoton tafiya, da sharaɗin wurare uku kacal. Mai leda a riƙa masa buhun shara. Mai siyasa kuwa a haɗa shi da mai ƙorafi su tafi tare, don babu ɗayansu da ke sauraron ɗan'uwansa, kuma an ga sun isa ƙololuwa suna ganin sun yi hira mai daɗi.

Abin da tsari ya kasa, shi ake roƙon Mai Girma ya cike. Ana roƙon ya ɗauke sabis ɗin waya daga jikinsa, ya bar shi a wuri ɗaya ko biyu saboda larura. Ya sa batirin sifika ya mutu tun a zangon farko. Mai gajeriyar hanya kada a yi masa karaya ko targaɗe, yana da iyali. Ƙaya a wando ta wadatar, muddin za ta ɗauke shi yini guda yana cira. Game da tuddan yaudara, in ba za a iya kawar da su ba, a bar su biyu.

Saukowa tana da nata hukunci. Gwiwa ta fi shan wuya a gangare, ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi ga abinci, don haka zamewa ta fi yawa a nan. Daidai wannan lokacin ne kuma wani nau'in abokin tafiya ke bayyana, wanda bai dami kowa ba tun safe. Da an iso mota aka fara tara kuɗin direba, sai ya laluba aljihu ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai fito da tsaba ba, zai turo da ya isa gida. Ba a taɓa jin ƙarar shigowar kuɗin ba. Maganinsa a karɓi kuɗin kowa ranar Alhamis, kafin a rubuta suna.

Ana kuma sanar da Mai Girma cewa Asabar mai zuwa duk waɗanda aka ambata za su dawo. An yi zama don a rage sunaye, aka rasa wanda zai kira su ya faɗa musu, kuma mai lattin ya riga ya nemi a ajiye masa kujerar gaba.

Daga masu hawa na ranar Asabar, Jos.