Kawo in hura

A makon nan ɗan ƙanwata ya ja ni kasuwar waya, wai in tsaya masa a haɗa masa kebul. Gita yake kaɗawa, irin mai lantarkin nan, kuma ya sauke manhajar da ke sauraren tsirkiya ta gaya maka ko ta yi sako-sako ko ta ɗaure da yawa. Manhajar lafiyarta ƙalau, unguwar ce ba ta yin shiru. Da ya taɓa tsirkiya sai ta koma auna janaretan maƙwabci, wanda a cewarta saura kaɗan ya hau daidai. Shi ne yaron yake so sautin ya bi ta kebul kai tsaye.

Aikin bai taka kara ya karya ba. Bakin gita babba ne, milimita 6.35. Na waya ƙarami, 3.5, mai gaɓa huɗu irin na iyafis: biyu na kunnuwa, ɗaya ta nagatif, ɗaya ta makirufo. A kai sautin gita gaɓar makirufo, a sa rasisto na wajen om 1,000 zuwa 2,000 don wayar ta yarda makirufo aka soka mata, a sa kafasita ya tare 'yar wutar da take turowa. Ɗan ɗigon dalma, shi ke nan.

Mai gyaran ya liƙa, aka soka, shiru. Kafin ya miƙa hannu ya ɗauko mita, sai ga murya daga bayana: "Kawo in hura."

Mai shayi ne. Ya karɓi wayar, ya kumbura kumatu, ya hura ramin. Shiru. Wani mai adaidaita sahu da ya bar fasinja a rana ya ce ai ba haka ake yi ba, gajeru uku ake yi sannan dogo ɗaya. Ya yi gajeru uku da dogo ɗaya. Wani ya ce matsalar daga wajen gitar take, ya durƙusa ya hura mata, har da goge ta da hula. Sai wani dattijo ya ratso taron da goro a bakinsa, aka dare masa saboda girma, ya hura da iyakar ƙarfinsa. Ramin da ya zo kasuwa babu ƙura ko ƙwaya ɗaya, yanzu ga shi ja wur. Wani bawan Allah kuma mura ta toshe shi, ya ba da haƙuri, ya ce ɗansa zai hura a madadinsa.

"Kawu, wayata fa," in ji yaron, murya na rawa. Na ce ya yi haƙuri, saura mutum biyu a layi.

Mun hura kaset, mun hura rimot, mun hura layin waya, mun hura fulogin babur. Da iskar baki tana gyara lantarki, da tuni mun yi hayar motoci zuwa Kainji mun jeru a bakin madatsar.

Wani ma cewa ya yi me ake wahala da rasisto, ai Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Gaskiya ne. Amma shi zama ya yi da hannunsa ya haɗa abinsa, bai je ya tsaya a kan mai aiki yana zuba masa yawu a kaya ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk taron nan babu wanda bakinsa ya iya furta "ban sani ba". Ko mutum ɗaya. Su ne dai za ka tarar a gefen gadon mara lafiya, likita bai gama juya baya ba sun ce a ajiye maganinsa, ga wata saiwa da ta warkar da surukar abokinsu. In abu ya ɓaci a ce ƙaddara, kowa ya kaɗe riga ya tafi, mai kaya ya biya.

Mai gyaran dai ya samu ya ƙwato wayar. Ashe a kan tsofaffin Nokia ya koyi sana'a, su kuwa gaɓar makirufo da ta nagatif a juye suke da na wayoyin yanzu. Ya musanya zaren biyu, allurar manhaja ta motsa. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Na gaya muku ƙura ce."

Ni yanzu tausayin jama'a nake ji, don tun 2016 da Apple ya fitar da iPhone 7 ba ramin iyafis, sauran kamfanoni suke ta binsa. Rami ɗaya ya rage mana, na caja, shi ma ba ya samun sararin a hura shi, don kullum akwai cajar wani a ciki. Baƙo zai yi sallama, kafin ya tambayi lafiyar iyali ya tambayi soket. "Alhaji, cajarka babban baki ce ko ƙarami?" Ya zare taka tana kashi 9, ya soka tasa mai kashi 80, wai tafiya ce a gabansa. In zai tafi kuma cajar ta raka shi. Ka bi sawu ka tambaya, ya ce ai ya ɗauka tasa ce, kuma ma dai ba ta ba da wuta sosai, ka daina sayen jabu.