Yadda Za Ka Sallami Baƙin da Ke Shigowa ta Ƙarƙashin Ƙofar Gareji

Maigida, kafin ka sake tara yara kana tambayar wanda ya bar ƙura ta lulluɓe motarka, shiga gareji da tsakar rana, ka ja ƙofa ka rufe kanka a ciki, ka dubi ƙasa. In ka ga haske ya kwanto ta gindin ƙofa, yaran ba su da laifi. Robar da aka ɗaura a wurin ce ta tsufa. Rana ta gasa ta, ta bushe, ta tsattsage, wani ɓarinta ma ya bi shara tun bara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma labarin tsagar garejinka ya wuce kunnen ƙadangare.

Babbar baƙuwarka ita ce ƙurar hunturu. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta ɗauko ta tun watan Nuwamba, ba ta sauke ta sai wajen Maris. Baƙuwar da ta sha tafiyar fiye da kilomita 1,000 ba za ta iso Kaduna ta tsaya yin sallama ba. Tana tafiya kuma sai damina ta karɓa, feshin ruwan Agusta ya riƙa kutsowa yana jiƙa buhun siminti da kwalayen takardu. Mutanen Kigo Road da sauran masu maƙwabtaka da Kogin Kaduna su sani cewa roba ba ta tare ambaliya; feshi da ɗan kwararon ruwa kawai take iya wa.

Baƙon da ya fi damuna shi ne ɓera. Ƙaraminsa tsagar milimita 6 ta ishe shi, kaurin fensir ke nan. A gidajenmu kuwa gareji rumbu ne na biyu: buhun masara na can, na shinkafa na can, har da wake na ajiyar azumi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓarnar hatsi mai sauƙi ce a kan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, wanda kuma ake kamuwa da shi ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera a kan abinci, musamman da rani. Wannan kaɗai ya isa ya tashe ka daga kujera.

To, fara da awo. Ɗauko tef. Kada ka auna da ido, kada ka auna da taku, don takun mutum kafin cin tuwo daban yake da na bayan cin tuwo. Rubuta faɗin ƙofar da tsayin tsagar a takarda, ka auna tsagar a tsakiya da gefe biyu, domin daɓen gareji ba kasafai yake zama daidai ba. Sannan ka yanko guntun tsohuwar robar ka jefa a aljihu. In ƙofarka ta ƙarfe ce irin ta mai walda, mai ganye biyu ko mai gungurawa gefe, shimfiɗaɗɗiyar roba kake buƙata da siririn ƙarfen da zai danne ta. In mai naɗewa sama ce, duba gindinta, wata tana da ɗan kwari inda ake zura robar, kuma sai mai bakin da ya dace da kwarin za ta shiga.

Daga nan sai Panteka. A wannan kasuwa amsar kowace tambaya ɗaya ce.

"Oga, robar gindin ƙofar gareji nake nema."

"Akwai, Alhaji. Zauna."

In babu ita a shagon, kafin ka gyara zama yaro ya ɓace cikin lungu ya dawo da iri uku. In babu ita a kasuwar gaba ɗaya, za a yanka maka daga tsohon bel na masana'anta, kuma sau da yawa wannan kan yi ƙarko sosai. Fito da guntun aljihunka ka gwada. Lanƙwasa sabuwar robar gida biyu ka dubi bayanta: in ƙananan tsage suka bayyana, ta riga ta tsufa a shago, ka ce a kawo wata. In ka sami wadda ake kira EPDM, riƙe ta da kyau, ita ce mai jure rana. Yi ciniki yadda ka saba, a ce maka albarka sau biyu, amma ka tuna araha ba ta ado. Ka sa a ƙara maka tafin hannu guda a kan awonka, don roba tana ɗan tsukewa bayan ta kwana biyu.

Ranar aiki ka zaɓi safiyar Asabar. Da ka tsuguna a bakin ƙofa da filaya a hannu, majalisar unguwa za ta taso ta same ka. Za a sami wanda ƙanen matarsa injiniya ne, da wanda ya ga yadda ake yi a Jidda, da dattijon da zai tabbatar maka cewa tsumman buhu ya fi kowace roba. Karɓe su hannu bibbiyu, ka ce, "Baba, riƙe mini wannan gefen, Allah ya ƙara girma." Mai ba da shawara in hannunsa ya cika da roba, bakinsa kan huta, aikinka kuma ya yi sauri.

Shimfiɗa sabuwar robar a rana ta yi laushi ta miƙe. Kafin nan ka cire tsohuwar. Sukurorin da suka yi tsatsa kada ka yi kokawa da su. Ɗiga musu mai, ka je ka sha shayi, ka dawo za ka tarar sun sauko. Goge gindin ƙofar da burushin waya da samfefa, ka shafa jan fentin hana tsatsa, ka bari ya bushe. Wanda ya ɗaura sabuwar roba a kan ruɓaɓɓen ƙarfe kamar wanda ya sa sabuwar hula ne bai yi aski ba.

Mai kwari ya wanke kwarin, ya shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya na turawa ɗaya na ja a hankali. Kada wani ya ce maka baƙin mai ya fi santsi: man inji yana kumbura irin wannan roba ya lalata ta. Mai shimfiɗaɗɗiya kuwa ya ɗora ƙarfen dannewa a kanta, ya huda, ya fara ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin kusa da kusa. Kada ka ja robar ta miƙe da ƙarfi. Tsayinta kuma ya zama ta taɓa ƙasa ta ɗan lanƙwashe kawai. In ta yi yawa, ƙofar za ta riƙa jan ƙafa tana gurnani, ka riga ladan tashin unguwa. Abu ɗaya da ban yarda ka taɓa ba shi ne sifirin ƙofa mai naɗewa; a ɗaure yake da ƙarfin da zai iya karya hannu, mai sana'ar kaɗai ke kwance shi.

Da daddare ka sa ɗan auta ya shiga ciki da tocila ya bi gindin ƙofar da gefunanta, kai kana waje kana duba inda haske ke leƙowa. Inda daɓe ya lotsa, birkila zai cike da ɗan siminti.

Saura janareta. Garejin da ka toshe yanzu ya daina numfashi ta ƙasa, hayaƙin janareta da na mota kuwa suna ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ta kashe iyalai da dama suna barci a ƙasar nan. Kada ka tayar da mota ƙofa na rufe, kada kuma janareta ya sake yin aiki a cikin gareji ko da na minti biyar ne. Fitar da shi fili, nesa da tagogin ɗakunan kwana, bakin hayaƙinsa na kallon waje. In tsoron ɓarawo ne ya sa ka ɓoye shi, kira mai waldan da ya yi maka ƙofar ya ƙera masa keji mai rufin kwano, ka sa kwaɗo.