Dogon Turanci

A unguwarmu Ƙamus ake kirana, kuma ban taɓa hana kowa ba. Ni ke rubuta wa mutane takardar neman aiki, ni ake miƙa wa lasifika a taron tsofaffin ɗalibai. Cutata guda ce: in an ajiye mini kalma gajera da doguwa, doguwar nake ɗauka. Maganar da za ta ƙare a jimla ɗaya kuwa sai na yi mata shimfiɗa, na raka ta har bakin ƙofa. Shi ya sa da wata jami'a a Ingila ta ce in kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS, aƙalla maki 6.5 cikin 9, dariya na yi. Ni za a gwada wa Turanci? Ko littafin gwaji ban buɗe ba.

Da sauraro aka fara. Kusan minti 30, tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake sakin murya, babu mai maimaita maka. Wata mata ce ke neman hayar ɗaki ta waya. A saman takarda an rubuta kada amsa ta wuce kalma biyu. Na gani da idona. To amma mutum kamata ya rubuta kalma biyu ya ajiye alƙalami? Ina nan ina ƙawata amsa ta uku, kafin in ɗago kai matar ta kama ɗakinta, wani mai karin harshen Ostireliya ya yi nisa da wani zancen daban.

A ɓangaren karatu akwai inda za ka zaɓa: gaskiya ne, ƙarya ne, ko marubucin bai faɗa ba. Na ukun nan ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. In marubuci bai faɗa ba, ai ni sai in faɗa masa. Rubutu kuma aiki biyu ne cikin awa ɗaya: bayanin jadawali a kalma 150, sai insha'i mai kalma 250 wanda makinsa ya ninka na farkon. Minti 20 ya kamata jadawalin ya ci. Na ba shi 40 ina yi masa kirari.

Hira da baki ce ta ƙarasa ni, ita da na ɗauka gonata ce. Duka-duka minti 11 zuwa 14 ne, daga kai sai mai gwaji sai na'urar naɗar murya. Matar ta miƙo kati: ba da labarin wani abu da ka saya. Minti ɗaya na shiri da fensir, biyu na magana. Babur ɗina na zaɓa. Na gyara zama, na fara da godiya bisa wannan dama, na gangaro kan muhimmancin sufuri ga al'umma, ina shirin shiga tsadar mai sai ta yi murmushi ta ce ta gode. Wallahi ko sunan babur ɗin ban kai ga ambata ba.

Maki 6 na samu. Na ninke takardar na cusa ƙasan akwati, amma uwargida ta gano ta.

Na sake biyan kuɗi. Yanzu kullum bayan isha'i takan zauna da wayarta tana duba agogo, ni kuma ina ba ta labarin babur da Turanci. "Baban Ummi, mintinka biyu sun cika," in ji ta, ko kallona ba ta yi. Jiya dai na kai tayar gaba.