Ranar da tafkin Jabi ya zama gona

Abuja dai ba baƙuwar lamba ba ce. Garin da mutum ke kwana a Area 11 ya tashi ya tafi aiki Wuse Zone 4, ai bai kamata ya yi ƙorafi don kwamfuta ta raɗa wa komai lamba ba. Amma tambayi masu haɗa taswira ka sha labari.

Hotunan Landsat 8, tauraron da Amurka ta harba a 2013, falle-falle suke zuwa. Falle na 4 jan haske ne, na 5 kuma hasken da ido ba ya gani, wanda ɗanyen ganye ke mayarwa sosai. Ka zauna ka sa musu suna tsaf, ka yanko iyakar Babban Birnin Tarayya, ka adana a fayil irin na GeoTIFF. Washegari ka buɗe, sai ga Band 1 da Band 2 suna kallonka. Sunaye sun bi ruwa, don ba ka umarci na'ura ta rubuta su cikin fayil ba, ita kuwa ba ta aikin neman lada.

To, wanne ne wanne? Ka canka, ka juya su wajen lissafin tsirrai, tafkin Jabi ya fito kore shar, bishiyoyin Millennium Park su koma ruwa. Oga ya gyara tabarau: "Malam, yaushe aka fara noman shinkafa a Jabi, ba a sanar da mu ba?"

Abin haushin, a manhajar rasterio ta Python ɗan layin set_band_description kawai za a ƙara wa kowane falle kafin a rufe fayil.