Kilomita 600 a Kan Keke, Kuma Ba Kura Ce Ta Biyo Su Ba

Ku yi dariyarku ku gama, ina jira. Na san da jin an ce akwai mutanen da ke hawa keke da sanyin safiyar Asabar, su yi ta murza feda har daren Lahadi, su cinye kilomita 600, Alhaji ya riga ya tura hula gaba yana cewa, "Ƙoshi ne kawai ke damunsu." Malam da ke gefensa ko yarda ma bai yi ba. Ya ce wannan ai kusan tafiyar Kano zuwa Maiduguri ce, wadda ko a mota ka yi ta sai ka sauka kana dafe da ƙugu, don haka a daina shara masa ƙarya da tsakar rana.

Allah ya huci zuciyarka, Malam, amma abin yana da hukuma, da kati, da hatimi. Wata ƙungiya a Faransa mai suna Audax Club Parisien, wadda aka kafa a 1904, ita ce ke riƙe da kundin irin wannan tafiya, kuma tun 1921 take tabbatar da sunayen waɗanda suka kammala. Ta yanka wa kowace tazara wa'adinta: mai kilomita 200 yana da awa 13 da rabi, mai 300 awa 20, mai 400 awa 27, shi kuwa mai 600 awa 40 cif. A Birtaniya akwai wadda ta yi suna, Bryan Chapman Memorial, da ake yi a watan Mayu. A tashi daga Chepstow a kudancin Wales, a ratsa duwatsun ƙasar har gadar Menai da ke arewa, sannan a juyo gida. Wanda ya bar gari ƙarfe 6 na safiyar Asabar, to ƙarfe 10 na daren Lahadi ƙofa ta rufe.

Yanzu ku ɗauko biro. Raba 600 gida 40, ka samu kilomita 15 a awa guda. Ga shi nan har kun gyara zama: "Au, 15 kacal? Ai ɗan ƙauyenmu da ke kai buhun gero kasuwa a kan tsohuwar Phoenix ya fi haka gudu!" Gaskiyarku, ya fi. Minti biyar da suka wuce kun ce ba za ta yiwu ba, yanzu kuma kun ce wasan yara ce. Ku tsaya a wuri ɗaya mana, jama'a.

Abin da lissafinku ya tsallake shi ne agogon ba ya tsayawa. Kana cin abinci yana tafiya, kana banɗaki yana tafiya, kana tsugune bakin titi cikin ruwan sama kana yi wa taya faci da yatsun da sanyi ya daskarar, yana tafiya. Matsakaicin mahayi, in aka haɗa hawa da gangara, yakan yi kamar kilomita 20 a awa, wato awa 30 ke nan a kan sirdi. Saura 10. A cikin goman nan za a ci, a sha, a gyara abin da ya lalace, a nemo hanya in an ɓata, Musulmi ya yi sallolinsa ko da ƙasaru ne, sannan abin da ya rage shi ne barci.

A nan ne nake tausaya muku, don ba ƙafa ce za ta kayar da ku ba. Baki ne. A kan hanyar akwai zangon da dole kowa ya tsaya a buga masa hatimi a katinsa a rubuta lokaci, kuma kowane zango yana da sa'ar rufewarsa. Gogaggen mahayi yana shiga zai miƙa kati, ya cika gorar ruwa, ya tura abinci yana tsaye, cikin minti 15 ya ɓace. To a kawo Alhaji. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya muka ji da ruwan nan, ya aka baro iyali, kai wannan keken naka nawa ka saye shi? Kafin a kai ga shayi na biyu awa guda ta tafi, kuma bai ma fara ba mai hatimin labarin yadda siyasa ta lalace ba. A yi haka zango takwas, barcin dare ya ƙare a hira.

Hajiya kuma na ji tana cewa aƙalla dai za su rage tumbi. Ranki ya daɗe, cin da ake yi a tafiyar nan ya fi na gidan biki. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka bai wuce na aikin awa biyu mai ƙarfi ba, alhali tafiyar gaba ɗaya tana ƙone sama da kalori 10,000. Wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara: ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, babban mutum ya zauna a gefen hanya yana neman abin da zai yi wa kuka. Don haka ake ci a kai a kai, ayaba, burodi, dankali, wake, duk abin da ciki zai karɓa. Matsalar ita ce a rana ta biyu cikin yakan yi yaji, ya ƙi komai, mai zaƙi ma ya fi tayar masa da hankali, kuma dole a ci.

Sai dare. Ku duba mahayi ƙarfe 2 na dare a tsakiyar Wales. Hasken fitilarsa, wadda wani ɗan inji a cibiyar ƙafar gaba ke ba wuta, bai wuce ya nuna masa kwalta da idanun tumaki ba. Gumin rana ya huce a jikinsa ya zama sanyi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun daina jin komai, saboda jijiyar tafin hannu ta sha dannuwa tun safe. Inda yake zama kuwa, kunya ba za ta bar ni in yi bayani ba, ku dai sani akwai man da ake shafawa, kuma ba don ƙamshi ba. Ya isa wurin kwana, ya tarar da mutane zube a ƙasa, wasu ko takalmi ba su cire ba. Ya gaya wa mai tsaron wurin sa'ar da za a tashe shi, awa biyu ko uku. Wanda bai kai can ba, rumfar jiran bas ta ishe shi, ya naɗe a bargon leda mai ƙyalli.

A nan kam zan ba ku gaskiyarku, ba zolaya. Mai gyangyaɗi a kan titin da mota ke bi yana wasa da ransa. Mike Hall, ɗan Birtaniya da ke cikin gwanayen dogon zango, mota ce ta kashe shi kusa da Canberra a 2017 yana tsakiyar tseren ratsa Ostareliya. Ni a ganina wanda ya kwanta ya rasa wa'adi ya fi wanda ya matsa hankali.

"To nawa ake ba wanda ya zo na ɗaya?" Na san tambayar na nan tafe, Alhaji, ku 'yan kasuwa ba ku da wata. Ko sisi. Ba ma a sanar da na ɗaya, don a dokarsu ba tsere ba ne, wanda ya gama a awa 26 da wanda ya shigo saura minti biyar darajarsu ɗaya. Kai za ka biya kuɗin shiga. Lambar yabon ma, in kana so, da kuɗinka za ka saya. A ba Alhaji ruwa, ya shaƙe.

Kun ce fataken da suka taka zuwa Gwanja goro suka je nema, mahajjatan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa kuma lada suka je nema, waɗannan fa? Tambaya mai kyau daga bakin mutanen da ke kaiwa sha biyun dare a gidan kallo saboda Arsenal. Kada kuma wani ya ce mini, "Kai ka taɓa yi?" Makaɗin dambe ba ya ɗaure hannu.

Mai 600 ɗin ma share fage ce. Wanda ya haɗa 200, 300, 400 da 600 a shekara ɗaya shi ke samun izinin shiga uwar tafiyar, daga Paris zuwa Brest a dawo, kilomita 1,200 cikin awa 90. An fara ta a 1891, inda Charles Terront ya gama cikin awa 71 da minti 22, a kan hanyoyin wancan zamani da keken wancan zamani. A 2023 wani Ba'amurke, Nick DeHaan, ya yi ta ƙasa da awa 42, wato ya ninka tafiyar da Malam ya ƙaryata kuma kwana biyu ba su cika ba. Wanda ke shirin cewa aikin maza ne ya dakata: a 2019 Fiona Kolbinger, Bajamushiya mai binciken cutar daji, 'yar shekara 24, ta tashi daga Burgas a Bulgeriya zuwa Brest, kusan kilomita 4,000, ta riga duk mazan da ke tseren Transcontinental isa cikin kwana 10 da 'yan awoyi.

Ta Paris duk shekara huɗu ake yi, mai zuwa sai 2027, don haka kada wani ya ce ban sanar da wuri ba. Malam, keken nan da ke jingine a zaure tun zamanin da kake saurayi, a kai wa mai faci ya duba sarƙa da birki. Alhaji, kai kuma a bar babbar riga a gida, don sarƙar keke ba ta san aikin hannu ba. Wandon da ake sawa ɗamamme ne, kuma tun yanzu nake roƙon a turo mini hoto.