Gudun Asuba a Tamawa

A Tamawa babba ba ya gudu haka kawai; ko dai akuya ta tsinke, ko kuwa ba lafiya. Shi ya sa da samari suka fara fita gudun motsa jiki bayan sallar Asuba a hanyar Dutsin-Ma, sai da dattawa suka leƙo suna tambaya, "Kai, samari, wa ya biyo ku?"

Duk cikinsu sababbin shiga ne, amma kowa gwani ne wajen ƙarfafa wa ɗan'uwansa gwiwa. Wanda ke haki kamar zai shiɗe, shi ke waiwayawa yana cewa, "Daure abokina, saura kaɗan!" alhali ko rufin kwanon gari bai ɓace ba. Wani har da kawo labarin Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a 2019, yana ba da labarin ne dafe da ƙugu a gindin bedi. An ma sa ranar zuwa Dam ɗin Zobe, ba a dai faɗi shekarar ba.

In za ka bi su gobe, ka jefa kuɗin mashin na dawowa a aljihu.