Yadda Za Ka Ƙetare Gadar Kennedy Rezo Bai Yar Da Kai Ba

Kafin komai, nemi waya mai cin layi biyu, in da hali ka ƙara da 'yar ƙaramar nan mai tocila, ita ma mai cin biyu. Kamfanonin salula huɗu ne a Nijar, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom, kuma mutumin Yamai da ya san ciwon kansa ba ya ɓata da ko ɗaya. Kada sunayen su ruɗe ka. Airtel ɗin yau shi ne Celtel na da, ya koma Zain a 2008, ya sake riga a 2010. Zamani kuwa Orange ne kafin a sayar da shi a 2019, Niger Telecom kuma haɗin Sonitel da SahelCom ne na 2016. In dattijo ya ce ka kira shi a Seltel ɗinsa, kada ka gyara masa. Layin nan ya girmi gemunka. Duba lambar kawai, in ta fara da 96 ka san inda aka dosa.

To, ka hau kabu-kabu daga Plateau za ka Harobanda, waya a kunne. Wayar tana riƙe da dogon ƙarfe guda, amma kunnenta na kan na maƙwabta, tana auna ƙarfinsu tana kai rahoto, a tsohon tsarin 2G kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. In na gaba ya fi na baya, kuma fifikon ya ɗan jima, sai kamfani ya miƙa ka. Irin rakiyar zamanin da ke nan: yaran hakimi su kai baƙo iyakar ƙasarsu, su danƙa shi ga yaran hakimi na gaba, shi kuwa ko saukowa daga doki bai yi ba. Ba a gaggawar miƙawa don ɗan fifiko kaɗan, kada a yi ta kai da kawo da kai tsakanin ƙarfe biyu. Matsala guda ce, rakiyar ta 'yan gida ɗaya ce. Wani kamfani ba ya miƙa ka ga wani. Wannan aikin babban yatsanka ne, kuma ba a biyan ka.

Gadar ita ce jarrabawa. Tun 1970 take nan, ba ta ƙara faɗi ba, jama'a kuwa sai ƙaruwa. A kan ruwa babu gini babu katanga, saboda haka waya tana jin ƙarafan wannan gaɓa da na waccan lokaci guda, ga ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da tasa wayar, duk ana neman gurbi. In ƙarfen gaba ya cika, babu mai karɓar ka. Dabarar ita ce ka buga kiran daidai gindin gada, ka kashe tsawonta kaf a gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi. Ko rabi ya faɗa kogi babu asara, don amsar dai lafiya lau ce. Maganar kuɗi sai ka sauka.

Ka riƙa satar kallon saman allo. 4G arziki ne, H abin a yi haƙuri ne, E kuwa ka mai da waya aljihu ka kalli gari. In ta maƙale a E alhali ka san unguwar da 4G, danna alamar jirgin sama, ka ja numfashi, ka sake dannawa, za ta nemi rezo daga fari. Ɗaga waya sama a kan babur ba ya kawo komai, tsawon hannunka bai kai nan ba. Mai fizge kaɗai yake taimaka wa.

Wifi halinsa dabam. A nan ba kamfani ke yanke shawara ba, wayar ce da kanta, kuma ba ta san rabuwa ba. Ka fito daga ofis ko otal, ka kai bakin titi, tana nan riƙe da ɗigon wifi guda da ba ya ɗaukar ko gaisuwa, alhali forfen da ka saya da jikarka yana zaune. Kashe shi tun a bakin ƙofa. Ka kuma sani duk sauyi daga wifi zuwa layi adireshin wayarka a intanet yana canzawa, shi ya sa bidiyon da ya kusa sauka yakan koma farko, muryar WhatsApp ta ɗauke na ɗan lokaci. Aiken kuɗi kam kada ka yi shi kana tafe. In allo ya tsaya yana juyi, kada ka sake dannawa, sai dai in ka yi niyyar kyauta biyu. Tun da Starlink ya iso a 2025 faranti ya fara yawa a kan rufi, amma lambar sirri ba a tambayar ta da sallamar farko. Zauna a fada, ka sha shayi na ɗaya da na biyu, a na uku ka yabi saurin abin.

Kuran kuma shi ne uban tafiya. Da ya ɗauke, akwatunan wifi na unguwa su mutu tare, kowa ya afka wa ƙarfe ɗaya. Wanda ya zauna Yamai a Agustan 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wuta, ba ya bukatar bayani. Wayar da ke lalube kuwa ta fi cin batir, balle a zafin Afrilu. Riƙe batirin ko-ta-kwana.

In tafiyar ta Maradi ce, ka gama kiranka a Dosso ko Dogon Dutsi, tsakanin garuruwa ka yi barci. Kafin Birnin Ƙonni ka shiga saitin waya ka zaɓi rezo da hannu, don Illela na kusa, kuma waya na iya ƙetare iyaka kai kana zaune a kujerarka, a caje ka kuɗin baƙunta. Yarjejeniyar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa wa hannu a Nuwamban 2024 ta cire wannan kuɗi a tsakaninsu, amma babu Najeriya a ciki.

Saura amfanin da ba a rubuta a kwalin layi. In mai bin ka bashi ya kira, kada ka katse maganarsa, taka za ka katse, a tsakiyar kalma: “Wallahi gobe da sa…” Sai ka kashe sauran layukan nan take. Shi ma huɗu gare shi, kuma kai ka ba shi lambobin duka ranar da kake neman rancen.